Tambaya kan kalmar "ignore": rashin sani take nufi ko kau da kai da gangan?

Sakatare, Gusau:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida malamai da sauran 'yan'uwa, ina kuma neman a warware mini wata matsala game da kalmar Ingilishi ta "ignore", domin na lura ana amfani da ita a wurare biyu da suka yi hannun riga da juna. Idan jarida ta rubuta "The governor ignored the court order", kowa ya san zargi ne mai nauyi, kuma gidajen rediyo sukan fassara shi da cewa gwamna ya yi watsi da umarnin kotu ko ya yi biris da shi. Amma a saƙon da kamfanoni ke turowa don tunatar da mutum biyan kuɗi, sai a ga sun rufe da "Please ignore this message if you have already paid", wanda babu ko ɗigon rashin ladabi a cikinsa. To, ta yaya kalma ɗaya za ta zama zargi a nan, ta zama ladabi a can?

Abin da ya sa tambayar ta zama ta gaggawa shi ne, wani abokin aikina ya samu takardar tuhuma saboda bai cike wani fom da aka umarci ma'aikata su cike ba. Gaskiyar magana ita ce yana hutun shekara lokacin da takardar sanarwar ta zaga, kuma da ya dawo babu wanda ya nuna masa ita. A amsar da ya tsara ya rubuta "I am sorry that I ignored the circular", yana nufin bai san da ita ba. Hujjarsa ita ce tunda "ignorance" rashin sani ne, dole "ignore" ta zama rashin sanin abu. Ni dai jimlar ba ta kwanta mini ba, sai na ce ya dakata har in tambayi masana. Wace kalma ce ta dace da halinsa tsakanin "ignore" da "disregard" da "neglect" da "overlook"?

Malamin Turanci, Zariya:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Sakatare, ka kyauta da ka dakatar da shi, domin da ya miƙa takardar nan yadda take, da ya sa hannu a kan laifin da ya fi wanda ake tuhumarsa da shi girma. A Ingilishin yau ba a cewa mutum ya yi "ignore" sai idan ya gani, ko ya ji, ko ya sani, sannan ya zaɓi ya yi kamar bai san da abin ba. Sanin shi ne sharaɗi. Wanda takarda ba ta iso gare shi ba ba shi da halin yin "ignore" ɗinta, kamar yadda ba a cewa kurma ya yi kunnen uwar shegu. Saboda haka shugaban da ya karanta jimlar abokin aikinka zai fahimci cewa ya ga sanarwar, ya san abin da ake so, ya ɗauke kai.

Sai dai abokin naka bai yi tunanin banza ba, domin tarihin kalmar yana tare da shi, amfanin yau ne ya bar shi a baya. Asalinta daga Latin ne, "ignorare", wato rashin sani, ta biyo ta Faransanci ta shiga Ingilishi a farkon ƙarni na 17 da wannan ma'anar. Masanin kimiyyar nan Robert Boyle ya yi amfani da ita a haka, kuma lokacin da Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755 ya bayyana ta da rashin sani, ya ƙara da cewa Boyle ya yi ƙoƙarin shigo da ita amma ba ta karɓu ba. Ma'anar kau da kai da gangan sai a farkon ƙarni na 19 ta fara bayyana a rubuce, kuma sai wajen tsakiyar ƙarnin ta zama ruwan dare. Daga nan tsohuwar ma'anar ta mutu a jikin aikatau, amma ta ci gaba da rayuwa a jikin suna da siffa, wato "ignorance" da "ignorant". Shi ya sa a yau muke da kalmomi 'yan gida ɗaya masu ma'ana kishiyar juna: ɗaya ta wanda bai sani ba, ɗaya ta wanda ya sani ya ƙi nunawa.

Game da zargi da ladabi, ma'anar kalmar ba ta canza ba a jimlolin biyu. Abin da ya canza shi ne wanda yake da haƙƙin a saurare shi. Kotu tana da haƙƙin a bi umarninta, don haka wanda ya ɗauke kai daga gare shi ya tauye wani haƙƙi. A saƙon kamfani kuwa, mai haƙƙin ne da kansa ya ce idan ka riga ka biya, kada ka wahalar da kanka, wato ya sauke maka nauyin amsawa. Haka kuma akwai wuraren da yin hakan abin yabo ne, kamar uwa ta ce wa ɗanta "Ignore them" idan yara suna tsokanarsa, wanda a Hausa za mu ce rabu da su ko ƙyale su. A lissafi da kimiyya ma ana cewa "ignore air resistance", ma'ana a ajiye tasirin iska gefe don a sauƙaƙa lissafi, kuma babu wanda aka wulaƙanta.

Sauran kalmomin kowace da inda ta sa gaba. "Overlook" ita ce ta kuskuren ido: abin yana gabanka, amma ya shige maka ba ka lura ba. Tana kuma nufin yafiya, kamar shugaba ya ce zai yi "overlook" ɗin lattin da ka yi a wannan karon, wato zai kau da kai. "Neglect" sakaci ce da abin da yake wajibinka ne ka kula da shi, kamar yaro ko gona ko aikin da aka damƙa maka. "Disregard" kuwa ta fi kusa da "ignore", sai dai ta fi ta kamannin harshen ofis, kuma a ganina ta fi ta laushi.

A halin abokin aikinka babu ɗaya daga cikin huɗun da ta dace, har da "overlook", domin ita ma tana nuna takardar ta zo tebur ɗinsa. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne "I was not aware of the circular, as I was on annual leave when it was issued", ko kuma "The circular did not come to my attention". Sai ya haɗa da kwafin takardar amincewa da hutunsa.

Malama, Damagaram:

Ina gaida Malam na Zariya da bayaninsa mai gamsarwa. Ina so in ƙara abu ɗaya daga ɓangarenmu na masu karatun Faransanci, domin wannan kalmar tana cikin waɗanda suka fi kayar da ɗalibanmu idan sun tsallaka karatu Najeriya ko Ghana. Ma'anar da ta mutu a Ingilishi tana nan da ranta a Faransanci, kuma ita ce ma'ana ta farko. Idan Bafaranshe ya ce "Je l'ignore", yana nufin ban sani ba ne, cikin harshe na natsuwa irin wanda ake rubutawa a wasiƙa. Akwai kuma ƙa'idar shari'a da duk wanda ya zauna a ajin koyon doka a Nijar ya haddace, "Nul n'est censé ignorer la loi", wadda ke nufin ba a ɗaukar kowa a matsayin wanda bai san doka ba, wato rashin sanin doka ba uzuri ba ne. Mai fassara da ya mayar da ita Ingilishi da "ignore" ya sauya ƙa'idar gaba ɗaya, ya mayar da ita gargaɗi kan taurin kai.

Abin da ya ɗauki hankalina shi ne, da abokin aikin Malam Sakatare da Faransanci ya rubuta amsarsa ya ce "J'ignorais cette circulaire", da ya faɗi daidai abin da ke ransa, babu gyara. Gaskiya ne Faransanci ma yana da ɗaya ma'anar, musamman idan mutum ne aka share, kamar a ce "Il m'a ignoré" game da wanda ya gan ka ya wuce ba gaisuwa. Amma a can mahallin magana ne ke raba ma'anonin biyu, a Ingilishi kuwa ɗaya kawai ta rage. Saboda haka ina jan hankalin 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da ɗalibai masu rubutu da harsunan biyu, idan kuna nufin ban sani ba, ku rubuta "I did not know" ko "I was unaware", ku bar waccan kalmar.

Ga masu karatun Larabci kuma, akwai hanya mai sauƙi ta riƙe bambancin. A Larabci "jahila" shi ne bai sani ba, "tajahala" kuwa shi ne ya nuna kamar bai sani ba alhali ya sani, a bisa ma'aunin nan da ke nuna yin kamar, irin "tamarada" ga wanda ya yi ciwon ƙarya. To "ignorance" ita ce jahilci, "ignore" kuwa ita ce tajahuli.

Tsohon magatakardan kotu, Kano:

Madalla da wannan tattaunawa. Ina tare da Malam na Zariya a kusan komai, amma ina da ja a kan cewa "disregard" ta fi laushi. Laushin nata a wasiƙar ofis ne kawai, inda ake cewa "Kindly disregard our earlier letter" idan an aika takarda bisa kuskure. A harshen shari'a kuwa tana daga cikin kalmomi masu nauyi ƙwarai, kuma lauyoyi sukan ɗora mata siffofi irin su "flagrant" da "reckless" idan suna so su nuna cewa mutum ya san ƙa'ida, ya auna ta, ya ga ba ta kai ya damu da ita ba. Misali sananne shi ne hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1964 a shari'ar jaridar New York Times da Sullivan, inda aka yanke cewa jami'in gwamnati ba zai ci nasarar ƙarar ɓata suna ba sai ya tabbatar da cewa an wallafa maganar ne ana sane da ƙarya ce, ko kuma da "reckless disregard" game da ko gaskiya ce ko ƙarya, wato halin ko-in-kula na ganganci. Bambancin da nake gani shi ne, "ignore" tana duban hankalin mutum, ya juya ko bai juya ba, "disregard" kuwa tana duban darajar da ya ba abin. Shi ya sa a ƙasashen da talakawa ke zama masu taya alƙali yanke hukunci, idan shaida ya faɗi abin da bai halatta a faɗa ba, alƙali kan umarce su da su yi "disregard" ɗinsa. Sun riga sun ji, ba za a iya cire maganar daga kunnensu ba, abin da ake nema shi ne kada su ɗora ta a kan sikeli.

Akwai kuma wani tarihi na kotu da ya shafi yadda ma'anar "ignore" ta juya. A tsohuwar shari'ar Ingila, kafin a gurfanar da mutum kan babban laifi, akwai wani kwamiti na mutanen gari da ke duba takardar tuhuma don ganin ko hujjar ta isa. Idan ba ta isa ba sai su rubuta "ignoramus" a bayan takardar, wanda a Latin ke nufin ba mu sani ba, shi ke nan tuhuma ta faɗi. Daga nan aka riƙa cewa kwamitin ya yi "ignore" ɗin takardar. A nan ana iya ganin ma'anonin biyu a wuri guda: a baki sun ce ba su sani ba, a aikace kuwa sun karanta sun ƙi karɓa. Ingila ta soke yawancin aikin wannan kwamiti a 1933, amma Amurka tana amfani da shi har yau.

Ɗana Sakatare, ka ƙara gaya wa abokin aikinka ya guji "neglect" da 'yar'uwarta "negligence" fiye da yadda zai guji sauran. Mutane da yawa suna ɗaukarsu a matsayin neman afuwa mai sauƙi saboda ba sa nuna ganganci, alhali a shari'a ba a buƙatar ganganci kafin a kama mutum da sakaci. Ya isa a nuna cewa akwai kulawar da ta wajaba a kansa kuma bai yi ba, har hakan ya cutar da wani. Wannan ita ce ƙa'idar da ta kafu a shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, wadda ta taso daga garin Paisley na Scotland kan wata mata da ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemo. A dokokin aikin gwamnati na Najeriya ma an lissafa sakaci cikin laifuffukan da ake ladabtar da ma'aikaci a kansu, haka ma ƙin bin halattaccen umarnin na gaba. Wanda ya rubuta "I neglected" ya amsa na farko, wanda ya rubuta "I ignored" ya kusa amsa na biyu, kuma takardar za ta zauna a fayil ɗinsa har ranar da za a zauna batun ƙarin girma.

Sakatare, Gusau:

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Na isar da saƙon, kuma an gyara jimlar. Saura abu biyu da nake so a ƙara mini haske a kansu. Na farko, tunda "ignorance" ba ita ce sunan aikin ba, wace kalma ake amfani da ita idan ana so a ambaci aikin kansa a matsayin suna? Na biyu, a wajen fassara zuwa Hausa, shin "yin watsi da" ta wadatar a ko'ina kamar yadda muke ji a labarai, ko akwai inda ba ta dace ba?

Mai fassara, Kaduna:

Malam Sakatare, tambayarka ta biyu ita ce aikina na kullum, don haka bari in fara da ta farko in wuce. Ingilishi ba shi da wani suna na yau da kullum da aka cira daga "ignore" mai ɗauke da ma'anarta ta yanzu. Ko dai a ce "ignoring", ko a ari "disregard", wadda take aiki a matsayin suna da aikatau duka. Idan suna ce tana tafiya da "for" ko "of", kamar "disregard for the rules". Ita kuwa "ignore" kai tsaye take ɗaukar abin da aka yi wa aikin, ba a sa mata "about" ko "to" a gaba. Ana cewa "He neglected to sign", amma ba a cewa "He ignored to sign", kuskuren da nake yawan gani a rubutun ɗalibai. A wajen furuci ma akwai bambanci: ana danna gaɓar ƙarshe a "ignore", ana danna ta farko a "ignorance" da "ignorant".

Game da fassara, ra'ayina shi ne mun ɗora wa "yin watsi da" kayan da ya fi ƙarfinta. Watsi yana nuna an ɗauki abu, an duba, an jefar. Ya dace da kotun da ta kori ƙara, ko majalisar da ta ƙi amincewa da ƙudiri, ko jam'iyyar da ta fito ta ce ba ta yarda da sakamakon zaɓe ba, wato wuraren da Ingilishi zai ce "reject" ko "dismiss". Amma "ignore" sau da yawa shiru ne, babu amsa ko ta ƙi. Idan ƙungiyar ma'aikata ta rubuta wa gwamnati wasiƙa aka amsa mata da cewa buƙatunta ba za su yiwu ba, an yi watsi da su. Idan kuwa wata uku suka wuce babu wanda ya ce uffan, an yi biris da su ne, ko an yi kunnen uwar shegu. Mai fassarar da ya haɗa biyun a kalma ɗaya ya ɓoye wa mai sauraro wani abu da yake da haƙƙin sani, domin wanda aka ba amsar a'a ya san matsayinsa, wanda aka yi wa shiru kuwa bai sani ba ko takardarsa ta isa.

Idan mutum ne aka yi wa, Hausar da ta fi zama daidai ita ce sharewa ko ɗauke kai: na yi masa sallama ya share ni, ta gan ni a gidan biki ta ɗauke kai. Idan shawara ce ta haƙuri, sai a ce ƙyale shi ko rabu da shi. Idan gargaɗi ne aka ƙi ji, kamar na likita ko na hukumar hasashen yanayi game da ambaliya, sai a ce an yi kunnen ƙashi ko an ƙi ɗaukar gargaɗin. Saƙon kamfanin nan da ka kawo kuwa, ni zan fassara shi da "idan ka riga ka biya, wannan saƙon bai shafe ka ba", domin a ce wa abokin ciniki ya yi watsi da saƙo ko ya yi biris da shi ya yi kaushi a kunnen Bahaushe. "Kau da kai" kuma tana buƙatar lura, saboda a wurinmu sau da yawa halin dattako ce, irin na babban da ya ga kuskuren yaro ya yi kamar bai gani ba don ya rufa masa asiri, kuma wannan ya fi kusa da "overlook" ta yafiya.

"Neglect" ma tana da nata wurin da "watsi" ba ta cika kamawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin cututtukan da take kira "neglected tropical diseases", wanda a watan Disamba na 2023 aka shigar da cutar da ake kira "noma", mai cin fuskar yara, a cikinsa, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranci gabatarwa. Babu wanda ya zauna ya yanke shawarar jefar da waɗannan cututtuka. Kuɗin bincike da magani ne ba su kai gare su yadda ya kamata ba, saboda masu fama da su talakawa ne. Don haka "cututtukan da ba a ba su kulawar da ta kamata ba" ta fi kusa da ma'anar, ko da ta fi tsawo.

Akwai wata kalma 'yar gidan "overlook" da nake so masu aikin ofis su kiyaye, ita ce "oversight", domin tana da ma'ana biyu da ke iya rikita mai karatu. A jimla irin "It was an oversight" kuskure ne na rashin lura, kuma ita ce kalmar da ta dace ga ma'aikacin da takarda ta iso tebur ɗinsa ta shige masa. A "oversight functions" kuwa sa ido ne, irin ikon bincike da sashe na 88 da na 89 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 suka ba Majalisar Dokoki ta Ƙasa a kan ma'aikatu da hukumomi. Idan ka ga "an" a gabanta, ko an ce "due to an oversight", to kuskure ake nufi, idan kuma ta zo da "of" tare da sunan wata hukuma ko wani aiki, ko tana gaban "committee", to sa ido ake nufi.